Yadda ake bin nauyin gini tun daga dal har ƙasa kafin a zuba beto

Kwanakin baya wani Alhaji ya kira ni wai in zo in duba masa gidansa, yana so ya ɗora bene a sama saboda yara sun girma kuma babban ɗansa zai yi aure. Na je da sassafe, muka zaga gidan tare da maginin da ya gina shi, dattijo ne mutumin kirki wanda ya daɗe a sana'ar. Na ce Baba, poton da ke tsakiyar gidan nan, wato ginshiƙin beto, nawa ne girmansa, kuma wane ƙarfe ke ciki? Ya ce ɗana, santi 15 bisa 15 ne, ƙarfe mai kaurin milimita 10 guda 4, haka muke yi tun da can kuma ba a taɓa kuka da aikina ba. Gaskiya ya faɗa, gidan na tsaye lafiya lau da rufin kwanonsa. Amma da muka tona gefen fondasiyo muka ga samel ɗin, wato faffaɗan gindin beto da poto ke zaune a kai, ko santi 60 bai cika ba, sai na ce wa Alhaji, ranka ya daɗe, an gina gidan nan ne don ya ɗauki kwano, in ka ɗora masa wani gida a ka to ka ɗora masa abin da ba a shirya shi dominsa ba. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya ce to ka nuna min da lissafi. Abin da na nuna masa a takarda ranar shi ne zan shimfiɗa a nan, don mai gida da magini da ɗalibi kowa ya ga yadda abin yake tafiya.

Asalin ilimin abu ɗaya ne, duk kilo ɗin da ke cikin gini sai ya bi hanya ya sauka ƙasa. Dal, wato daɓen beto na bene ko rufi, yana miƙa wa putur, wato gadar beto da ke kwance kan poto, putur ya miƙa wa poto, poto ya miƙa wa samel, samel ya shimfiɗa shi kan ƙasa. In wuri ɗaya a wannan layin ya gaza to sauran ba za su cece shi ba. Kuma mu ƴan Damagaram wannan ba baƙon abu ba ne a gurinmu, duk wanda ya shiga tsofaffin soraye na Birni, tsohuwar unguwar Zinder, ya ɗaga kai zai ga yadda magabata suka jera azara. Sun san azara tana da iyakar tsawon da za ta iya tsallakawa, in ɗaki ya yi faɗi sai su ɗaure bakan gizo su raba rufin gida-gida, kowane gida azara ta kwanta daidai ƙarfinta, sannan su yi bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, su fitar da indararo ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Lissafin da muke yi yau da beto da ƙarfe wannan tunanin ne aka mayar lambobi. Ƙa'idar da aka fi koyarwa a ƙasarmu kuma aka fi aiki da ita ita ce ta Faransa wadda ake kira BAEL 91, da gyaran da aka yi mata a 1999, ita zan bi, duk da yanzu wasu biro na injiniyoyi suna komawa ƙa'idar Turai wadda ake kira Eurocode 2. Littattafai suna rubuta nauyi da kN, ni zan yi da kilo da tan don kowa ya gane, ka dai riƙe cewa kN 1 kusan kilo 100 ne.

Mataki na farko, ka zauna da pulan kafin ka taɓa kalkuleta. Ka sa fensir ka nuna inda kowane poto zai tsaya, kuma ka tabbatar poton sama yana zaune daidai kan poton ƙasa. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, mai gida yana son babban falo a ƙasa ba poto ko ɗaya, a sama kuma ɗakuna ƙanana da bangaye, sai poton sama ya faɗo tsakiyar putur ko ma tsakiyar dal. Ana iya yin haka amma sai da lissafi na musamman da putur mai zurfi sosai, ba abin da za a yanke a baki a shantiye ba ne. Tazara tsakanin poto da poto in ta tsaya mita 3.5 zuwa 4.5 aiki yana sauƙi kuma kuɗi ba sa tafiya da yawa. Bayan nan ka nuna da kibiya inda sandunan dal ɗin urdi za su kwanta, wato dal ɗin da ake jera bulo masu rami tsakanin ƙananan sandunan beto, a kullum ta gajeren gefe ake kwantar da su, domin putur ɗin da kawunansu suka hau shi ne zai sha nauyi, wanda ke kwance a gefensu kaɗan yake ɗauka. Misalin da za mu bi har ƙarshe shi ne gida mai bene ɗaya, poto kowane mita 4 ta ko'ina, dal ɗin urdi 16+4, wato bulo mai santi 16 da beto santi 4 a kansa.

Mataki na biyu shi ne tara nauyi, kuma nauyi iri biyu ne. Akwai na dindindin wanda ba ya motsi, ana rubuta shi G, akwai kuma na amfani wato mutane da kaya, ana rubuta shi Q. Beto mai ƙarfe a ciki mita kubik 1 kilo 2500 ne, wannan lambar ka haddace ta. Dal ɗin urdi 16+4 yana kai wajen kilo 285 a kowace murabba'in mita, in kuwa cikakken dal ne na santi 15 to 0.15 sau 2500, kilo 375 kenan. Kan wannan sai ka ƙara karo, wato tayil, da simintin da aka kwantar da shi, mu ce kilo 100, shafen ƙasan dal kilo 30, ƙananan bangayen raba ɗaki kilo 100. Jimla 515, mu cika shi 520. Na amfani kuwa ƙa'ida ta riga ta yanke, gidan zama kilo 150, biro 250, matakala 250, balko 350. In babban bango na bulo zai hau kan putur kai tsaye shi ma sai a lissafa shi daban a ƙara.

A nan ina so in ɗan tsaya, saboda garinmu yana da nasa hali. Kowa ya san wahalar ruwa a Zinder, don haka kusan duk wanda ya yi dal sai ya ɗora tanki a sama. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, tankin lita 2000 tan 2 ne zaune a wuri ɗaya da bai wuce faɗin tabarma ba, ga kuma bulon da ake jerawa a ɗaga shi. Wannan ya ninka kilo 150 ɗin can sau da yawa. Tanki wurinsa kan poto ne ko kan putur da aka lissafa dominsa, kuma tun a pulan ake zaɓar wurin. Haka ɗakin da za a mayar sito, in aka jera buhunan hatsi ko gyaɗa masu kilo 100 hawa biyar ai an wuce lissafin gidan zama nesa ba kusa ba. Don Allah mai gida ka faɗa wa injiniya gaskiyar abin da za ka yi da kowane ɗaki, kuma in kana da niyyar ƙara bene ko da nan da shekara 10 ne, ka faɗa tun yau.

Mataki na uku gajere ne. Ba a aiki da nauyin yadda yake, sai an ƙara masa don kariya, G a ninka shi da 1.35, Q a ninka shi da 1.5. Q ya fi samun ƙari saboda shi ne ba a iya tsarewa, yau mutum 5 ne a falo gobe ranar suna mutum 50. Ƙarfin kayan kuma rage shi ake yi, beton da ake sa ran zai kai MPa 25 (ma'aunin ƙarfin beto kenan) a kwana 28 ana lissafi da 14.2 ne kawai, ƙarfe mai daraja Fe400 (lambar ƙarfinsa yake nunawa) kuma ana ɗaukar kowane murabba'in santi nasa zai riƙe kilo 3480. Wannan ƙarin ba kyauta ba ce da magini zai cinye ta hanyar rage siminti, an ajiye ta ne don abin da ba a hango ba.

Mataki na huɗu putur, kuma nan ne zuciyar aikin. Ka samu guntun soson katifa ka ja layuka a tsaye a gefensa, ka ɗora bakinsa biyu kan bulo biyu ka danna tsakiya da yatsa. Za ka ga layukan sama suna matsowa kusa da juna, na ƙasa suna buɗewa. Wato sama ana matse shi, ƙasa ana jan shi. Beto gwani ne wajen jure matsi amma wajen ja rago ne, abin da yake jurewa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na matsi ba, shi ya sa ake sa ƙarfe a inda ake ja. A tsakiyar putur ƙarfen aiki a ƙasa yake. Amma in putur ya zarce ta kan poto zuwa wani ɗaki, a daidai kan poton abin juyawa yake, sama ne ake ja, don haka ake sa ƙarin ƙarfe a sama a wurin, wanda muke kira shapo, yana miƙewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar ta kowane gefe.

Zurfin putur ana fara ƙiyasta shi da raba tsawonsa da 10 zuwa 15. Namu mita 4 ne, mu ɗauki santi 40, faɗi 20. Yana karɓar rabin dal daga dama rabi daga hagu, mita 2 da mita 2, faɗin mita 4 kenan. To G a kowace mita ta putur, 520 sau 4 ya ba da 2080, a ƙara nauyin putur ɗin kansa 0.20 sau 0.40 sau 2500 wato 200, ya zama 2280. Q kuma 150 sau 4, 600. Yanzu 1.35 sau 2280 ya ba da 3078, 1.5 sau 600 ya ba da 900, jimla 3978, mu ce tan 4 a kowace mita. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, putur ɗaya na falo yana ɗauke da tan 16.

Ƙarfin da ke son lanƙwasa shi, wanda a makaranta muke kira moma, ga putur mai zaune kan poto biyu ana samun sa ne da nauyi sau tsawo sau tsawo a raba da 8. Wato 4 sau 4 sau 4 a raba da 8, ya ba da 8 tan-mita. Ka lura tsawon sau biyu ya shiga. In Alhaji ya ce a faɗaɗa falo daga mita 4 zuwa 6, ba rabi aka ƙara ba, 4 sau 4 wato 16 ne ya koma 6 sau 6 wato 36, ya ninka fiye da sau biyu. Wannan shi ne abin da ido ba ya gani, kuma shi ne dalilin da magini mai gwaninta a ƙananan ɗakuna yake iya shiga matsala ran da aka ba shi babban falo.

Daga moma sai ƙarfe. Daga saman putur zuwa tsakiyar ƙarfen ƙasa akwai wajen santi 35, tazarar da ke tsakanin inda beto ke turawa da inda ƙarfe ke ja kuma ta kama wajen santi 30 a wannan misalin. Sai ka raba, tan-mita 8 ɗin nan, wato kilo-mita 8000, a raba da mita 0.30, ƙarfen zai sha jan kilo 26700 kusan. A raba da 3480, ana bukatar murabba'in santi 7.7 na ƙarfe. Ga abin da kowane sanda ke bayarwa: na 8 yana da 0.50, na 10 yana da 0.79, na 12 yana da 1.13, na 14 yana da 1.54, na 16 yana da 2.01. Kenan ko ka sa na 14 guda 5, uku a ƙasa biyu a kansu, ko na 16 guda 4. To yanzu ka kwatanta da abin da aka saba, ƙarfe 12 guda 4, biyu sama biyu ƙasa. Na ƙasan ne kaɗai ke aiki a tsakiya, 2.26 kenan inda ake neman 7.7, ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Irin wannan putur ba lallai ya faɗi ranar da aka cire katako ba, sai dai ya yi ciki a hankali, tsaga ta fito a ƙasansa, karon sama ya fara fashewa, ƙofar da ke ƙarƙashinsa ta daina rufuwa.

Saura zobba, wato kadir. Kusa da poto akwai wani ƙarfi da ke son yanke putur, a namu rabin tan 16 ne, tan 8 kowane gefe, kuma tsagarsa a karkace take fitowa. Zobba ne ke riƙe ta. Shi ya sa ake matse su kusa da poto, ƙarfe 8 kowane santi 10 zuwa 15, a tsakiya a sake su zuwa 20 ko 25. Bakin zoben a lanƙwasa shi ya shiga cikin beto sosai. Na sha ganin an jera su santi 30 daga farko har ƙarshe don a rage ƙarfe, wallahi ribar da ke ciki ba ta kai haɗarin ba, domin karyewar yanka ba ta ba da sanarwa kamar yadda lanƙwasa ke yi.

Balko da duk abin da ya leƙo waje ba poto a bakinsa, shi ƙarfensa a SAMA yake, kuma sai ya koma cikin dal aƙalla sau ɗaya da rabi na tsawon da ya leƙo. Momarsa nauyi sau tsawo sau tsawo a raba da 2 ne, ba 8 ba. Matsalar ita ce ko an ɗaure shi daidai, ranar zuba beto leburori suna bi ta kai da bokiti da baro su tattake shi ya kwanta ƙasa, shikenan ya zama kamar babu. A sa masa ƙafafun ƙarfe masu riƙe shi a sama, a shimfiɗa katako a bi ta kai, kuma mutum ɗaya ya tsaya ba abin da yake yi sai gadin wannan ƙarfen.

Mataki na biyar poto. Na tsakiya yana karɓar tan 8 daga putur na dama, 8 daga na hagu, 16 kenan a hawa ɗaya. Hawa biyu 32, domin dal ɗin rufi da siminti mai gangara da abin hana yoyo shi ma bai fi na ƙasa sauƙi ba. Ana ƙara wajen kashi 10 cikin 100 saboda poton tsakiya yana jan kaya fiye da rabonsa, a ƙara nauyinsa, mun kai wajen tan 36. Poto ba murƙushewa kaɗai ake ji masa ba, akwai lanƙwashewa. Ka ɗauki guntun karan dawa mai tsawon taƙi ka danna shi da tafin hannu, zai yi gardama, amma ka ɗauki dogo ka danna, nan take zai yi baka ya karye. Haka poto yake, in ya yi tsawo kuma siriri ƙarfinsa raguwa yake. Da tsayin mita 3 da beto mai kyau na MPa 25, poto 20 bisa 20 mai ƙarfe 12 guda 4 yana ɗaukar tan 50 da ɗan wani abu, ya wadatar. Na 15 bisa 15 da ƙarfe 10 guda 4 irin na gidan Alhaji wajen tan 26 yake tsayawa, kuma ana neman 36. Ga wani abu kuma da ya kamata ya tsorata kowa, shi wancan 20 bisa 20 ɗin in aka cika wa betonsa ruwa ko aka rage siminti ya fito MPa 15, ƙarfinsa zai sauko wajen tan 36, daidai da kayan da ke kansa ba ko rarar kilo. Inda za a haɗa ƙarfe da ƙarfe kuma su haɗu da tsawon kaurinsu sau 40 in Fe400 ne, na 12 santi 48 kenan mu ce 50, in Fe500 ne sau 50. Masu barin ƙarfen jira a saman gida don bene na gaba, ku bar shi da tsawonsa kuma ku rufe shi da ɗan beto mara ƙarfi, kar ya shekara biyar yana shan ruwa da rana.

Mataki na shida ƙasa da samel, kuma a Zinder ba a yi wa ƙasa kuɗin goro. Wani wuri ka tona kaɗan ka ci karo da dutse irin manyan duwatsun nan da ke Birni, wani wuri rairayi ne zalla, wani wuri laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, wani wurin kuma tsohon kududdufi ne ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini aka cike da shara shekaru da suka wuce, sama ta yi kyau ƙasa ruɓaɓɓiya. Kafin ka sayi fili ma ka tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin da, kuma ina ruwa yake bi in an yi babban sama. Ka tona ramukan gwaji aƙalla a kusurwoyi da tsakiya har ka wuce ƙasar da aka zuba ka isa ta asali. In bene ne ko ginin jama'a kamar makaranta ko masallaci, a kira labo masu awon ƙasa su auna. Abu mafi muni shi ne rabin gida kan dutse rabi kan cikon ƙasa, gefe ɗaya zai zauna ɗayan ya tsaya, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga.

Wajen faɗin samel ana aiki da nauyin da ba a ninka ba, G da Q kawai, namu ya kama wajen tan 27 har da nauyin samel ɗin. In awo ya nuna ƙasa tana ɗaukar bar 2, wato tan 20 a murabba'in mita, sai ka raba 27 da 20, ya ba da 1.35, samel mita 1.20 bisa 1.20 kenan. In bar 1 ce kawai to sai 1.70 bisa 1.70, ka ga yadda ƙasa ke canza komai alhali gidan bai canza ba. Kaurinsa, ka cire faɗin poto daga faɗin samel ka raba da 4, wato 120 a cire 20 a raba da 4, santi 25, a ƙara 5 ya zama 30. Ƙarfe a ƙasa yake kamar tabarma, na 10 guda 7 ta kowane gefe ya isa a wannan misalin. Kafin a ajiye shi a fara zuba beton tsafta santi 5 don kar ya taɓa ƙasa, sannan a ɗaure dukkan poto da shenaji, wato ɗamarar beto mai ƙarfe a ciki, a ƙasa da kuma sama, gini ya zama jiki ɗaya. Ruwa kuma a kore shi daga gindin gini, a ɗaga dandamalin gida sama da titi, a yi daɓe mai gangara a kewaye, ramin masai ya yi nesa da samel. Duk mun ga abin da damina ta 2024 ta yi, har tsohon masallacin Birni da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba bayan ruwa mai yawa. Na ƙasa ne shi, amma ƙasar da ke ƙarƙashin samel ɗin beto ita ma in ta jiƙe laushi take yi.

Mataki na ƙarshe shi ne shantiye, inda lissafi mai kyau yake mutuwa in ba a tsaya ba. Fara da ƙarfe, domin akwai wanda ake sayarwa da sunan 12 alhali bai cika ba. Hanya mai sauƙi ita ce sikeli, sanda mai mita 12 na 10 ya kamata ya yi kilo 7.4, na 12 kilo 10.7, na 14 kilo 14.5, na 16 kusan kilo 19. In ya gaza sosai ka mayar, ko ka gaya wa injiniya ya sake lissafi. Yashi kuma ka zuba shi rabin kwalba ka cika da ruwa ka girgiza ka ajiye, in laka ta kwanta a sama da kauri to a wanke shi ko a canza, kuma rairayi mai laushi kamar gari ba na beto ba ne, a nemi mai ɗan tsakuwa-tsakuwa na kori. Tsakuwar dutse da aka fasa ta fi, a tankaɗe ƙurarta. Siminti ko na Malbaza ne ko wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, in ya yi ƙulalai masu tauri a buhu ya sha iska, kar a sa shi a poto ko putur.

Awon beton aiki kilo 350 ne a mita kubik, buhu 7 masu kilo 50, da yashi wajen lita 400 da tsakuwa wajen lita 800. Kowane buhu kenan yashi lita 55 zuwa 60, tsakuwa wajen 115, ruwa kuma kar ya wuce lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Ku auna baronku da bokiti mai lita sananniya sau ɗaya ku san abin da yake ci, domin baro baro ne a baki amma ba girmansu ɗaya ba. Leburori suna son beto mai ruwa saboda ya fi daɗin zubawa, kuma na fahimce su, aikin akwai wuya a rana, amma ruwan da ya wuce kima in ya bushe ramuka yake bari a ciki. A sa ƴan guntayen siminti masu kaurin santi 3 tsakanin ƙarfe da katako don beto ya lulluɓe ƙarfen ta ko'ina, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi ta kumbura ta fasa beton. A yi amfani da bibrer, injin girgiza beto, in babu a soka da sanda a bubbuga katako har kumfa ta daina fitowa.

Sai shayarwa. Beto ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, siminti ne ke cin ruwa a hankali yana ɗaurewa, in ruwan ya gudu da wuri aikin ya tsaya a rabi. Da zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ko iskar hunturu mai busar da leɓe, dal yana iya tsagewa tun ranar da aka zuba shi. A zuba da asuba ko da yamma, a rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, a kan dal a yi ɗan bakin yashi a tare ruwa ya kwanta, safe da yamma har kwana 7 aƙalla. Na san ruwan saye ake yi, to a sa kuɗinsa cikin kasafi tun farko kamar yadda ake sa na siminti. Katakon gefen poto ana iya cirewa bayan kwana 2, amma tokaran da ke ƙarƙashin putur da dal a bar su kwana 21, in da hali 28, kuma kar a tara bulo da yashi a kan sabon dal wai don a fara bangon sama.

Lambobin nan na misali ɗaya ne, gidanka in tazararsa ko ƙasarsa ko yawan benensa ya bambanta to lissafinsa ma daban ne, ka kai pulan wurin injiniya ya sa hannu, ka karɓi izinin gini a meri, wato ofishin magajin gari. Shi Alhaji bayan kwana uku ya sake kira na. Abin da muka yi shi ne muka bar tsofaffin poton da kwanonsu har lokacin da aka shirya, muka tona sababbin samel a jikin bangaye, muka tayar da poto 20 bisa 25 guda 12 da putur ɗinsu, benen ya hau kansu shi kaɗai. Baban nan magini shi ya ja aikin, kuma ranar da za a zuba putur na falo na iso na same shi tsugune kan katako da mita a hannu yana auna tazarar zobba ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce ɗana zo ka duba na kusa da poton nan, kamar sun ɗan buɗe.